Rigar Malam da Ƙusarta

Wutar da muka sha tatsuniya a gabanta ba ta taɓa cin itace ba. A jikin bangon falonmu take, a garin Manassas na Amurka, a bayan gilashi, da wasu guma-guman ƙarya da ba sa ƙonewa. Ka danna makunni ta tashi fuu, ka sake dannawa ta mutu. Ranar da kakata Iya ta fara ganinta, ta daɗe tsaye tana kallo, sannan ta juya wajen mahaifina.

"Kai Sani, wannan wutar taku ko kunya ba ta ji? Tun ɗazu take lasar icen nan, ba ta ci komai ba."

Sanyin Virginia ne ya sasanta su. Kafin dusar ƙanƙara ta farko ta narke, Iya ta riga ta kafa mulkinta a gaban murhun, da dardumarta da carbinta da wani bargo mai ruwan ƙasa da ba ta yarda kowa ya taɓa.

Daga Zariya aka ɗauko ta, a farkon shekarun dubu biyu, don ta riƙe mu ni da ƙanwata Safiya. Ina ajin tsakiyar firamare a lokacin. Umma nas ce, yawanci da yamma take fita aiki, Baba kuma tasi yake ja daga filin jirgin Dulles, sai ya ga fasinja sun ƙare yake dawowa. Don haka da an idar da sallar isha'i, gida ya zama namu mu uku. Sunan mijinta marigayi aka sa mini, shi ya sa har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Maigida take kirana.

"Wane irin maigida ne wannan," ta kan ce, "cefane babu, sai ci kamar gara. Ni dai na yi rashin sa'ar miji karo na biyu."

Dokarta ɗaya ce: wanda ya amsa mata da Turanci, ba shi ba tatsuniya a ranar. Safiya ta sha kora. Ni kuwa kwaɗayin labari ya sa na riƙe harshena, kuma Hausar da nake rubutu da ita yau, a gaban wannan wutar ƙaryar na tsince ta.

Wata rana da sanyi ya yi tsanani aka rufe makarantu, sai Iya ta shiga ɗakinta ta fito da wani ƙunshi. Ta kwance, ta shimfiɗa a cinyarta. Riga ce ta kaki, irin ta ma'aikata, ta koɗe har ta kusa komawa fara a kafaɗu da gwiwar hannu. Wani ƙamshi ya tashi, na turaren wuta da kanamfari da wani abu daban da ban san shi ba.

"Kwal ne," in ji ta. "Shekara nawa ina wanke ta, ya ƙi fita. Rigar Malam ce."

Malam, kakana, fayaman ne a reluwe, wato shi ke tsayawa a kan jirgin ƙasa yana ɗura wa injin kwal da shebur, tun zamanin da jirgi ke tafiya da wuta da tururi. Da ya rasu aka zo rabon gado, manyan riguna da huluna duk aka kasa, sai Iya ta ce a sa mata wannan tsohuwar rigar a cikin tumuninta na takaba. 'Yan'uwansa har dariya suka yi, wai me za ta yi da tsumma. Ta ce musu manyan rigunan ranar Juma'a kawai suka san shi, wannan kuwa ita ta san guminsa.

Ta kama hannuna ta ɗora a wuyan rigar, inda wani ɗan harshe na yadi ke reto da ramin maɓalli a bakinsa.

"Ka san amfanin wannan?"

Na ce kwalliya ce.

"Kwalliya! Ji shi. A bakin wuta wa ke kwalliya? In ya buɗe ƙofar injin, tartsatsi ke tasowa kamar ƙudan zuma. Sai ya ɗaga kwalar, ya ja wannan ya ɓalla, wuyansa ya rufe ruf. Kafin a ba su irin wannan, wani garwashi ya taɓa faɗa masa ta wuya ya sauka har ciki. Da tabon aka binne shi."

Daga nan ta bi rigar da yatsa kamar mai bin gona. Ɗinkin kafaɗa layi-layi ne, an maimaita shi, domin mai jefa shebur daga kafaɗa rigarsa ke fara yagewa. A hammata akwai 'yan huji da aka daje bakinsu da zare, ta nan iska ke shiga. Safiya ta zura ɗan yatsanta a ɗaya ta ce ɓera ya ci, Iya ta buge hannun. Bayan rigar ya fi gabanta tsawo sosai, wai don in mutum ya sunkuya kada ta zare daga wando ta bar masa ƙugu a waje. "Namiji mai iyali," in ji Iya, "ba ya nuna wa duniya bayansa."

A ranar ta fara yi mana tatsuniyar rigar, wadda daga baya muka ji ta sau ba adadi. Ba ta buɗe tatsuniya kamar kowa. Cewa take, "Ga ta nan ta taso daga Zariya, ta hau jirgi ba biza." Mu kuma mu ce, "Ta sauka mu ji ta."

Wai a wani gari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har duk wutar garin ta mutu, ko garwashi ɗaya bai rage ba. Mutane suka koma cin ɗanyen gero. Wuta kuwa ba a samunta sai a bayan wani dutse mai nisa, a ƙasar Sarkin Wuta. Samari suka yi ta tafiya cikin manyan riguna masu aiki a wuya, amma ƙaya ta kama wannan, tartsatsi ya cinye wancan, kowa ya dawo hannu wofi. Sai wata tsohuwa mai ɗa guda ɗaya ta zauna ta ɗinka masa 'yar riga mara kyan gani, ta ce ya je.

Iya ta kan ɗaga rigar Malam tana nunawa tana bayarwa. Yaron ya isa wata rijiya, ya sunkuya shan ruwa, amma guzurinsa bai zube ba saboda aljihunan suna da murfi da maɓalli. Ya zo hawan dutsen, ya buɗe ƙafa iyakar buɗewa, gefen rigar bai tsage ba saboda ɗan ƙyalle mai kusurwa uku da uwar ta liƙa a inda gaba da baya suka haɗu. Ya iso ƙofar garin, wuta na tofo masa tartsatsi, ya ɓalla wuyansa ya wuce. A nan ni da Safiya mukan kama wuyan rigunan barcinmu mu ma.

Sarkin Wuta ya ga jarumtarsa, ya ce ba zai bar shi ya tafi ba. Ya ba shi gida, ya ba shi shanu, ya ba shi abinci iri-iri. Yaro ya ci ya ƙoshi, ya mance da garinsu da masu cin ɗanyen gero. Kwana ya yi kwana. Rannan ya tuɓe rigar zai kwanta, sai yatsansa ya shige wani ɗan maratayi da ke bayanta, a tsakanin kafaɗu, wanda duk tafiyar nan bai yi masa amfanin komai ba. Ya duba ɗakin, ya duba zauren, ya zaga gidan sarki kaf, bai ga ƙusa ko ɗaya ba. Sai ya tuna ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakin uwarsa. Ya zauna ya yi kuka, da asuba ya ɗebi garwashi a kasko ya kama hanya.

"Duk abin da ke jikin rigar nan na aiki ne," Iya ta kan ce tana zura yatsa a maratayin rigar Malam. "Wannan kaɗai ne na dawowa."

Sannan ta rufe da cewa, "Ta ƙare, ta koma gida, ta bar mu a nan."

Na lura in Baba ya dawo da wuri yana cin tuwo a kicin, Iya takan ɗaga murya daidai wajen da Sarkin Wuta ke ba yaron gida da shanu. Baba kuwa, sai dai ka ji cokalinsa ya daina motsi.

Ƙusar ba ta tatsuniya kaɗai ba ce. Akwai ta da gaske, a bayan ƙofar ɗakinta a Zariya, Malam ne ya kafa ta da hannunsa. In jirginsa ya tafi Kano ko ya gangara kudu, ƙusar na nan tsirara, ita kuma ba ta barcin kirki. In ta farka ta ga riga a jiki, ta san ya dawo cikin dare bai tashe ta ba. A Manassas ta nemi Baba ya kafa mata ƙusa a bango, ya ce gidan haya ne, mai gida ba ya yarda a huda masa bango. Ya sayo mata hanga ta rataye tufafi. Ta juya hangar a hannu, ta ce, "Ƙasar da ba a kafa ƙusa, ai ba zama aka zo yi ba." Ta ninke rigar ta mayar ƙunshinta.

Wata rana bayan tatsuniya ta ce in tashi tsaye, ta zura mini rigar. Ta sauko mini har gwiwa, hannuwan suna jan ƙasa. Safiya ta faɗi tana dariya. Iya ta juya ni, ta auna faɗin kafaɗata da tafin hannunta, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, sannan ta auna na rigar.

"Da saura," ta ce. "Taka ce, Maigida, sunanka ne a kanta. Ranar da ta zauna maka daidai, in gan ka a ciki, aikina ya ƙare a ƙasar nan. Sai in koma wajen ƙusata."

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a ƙirji. Ban san wani abu da ya fi ba ni tsoro a lokacin kamar in dawo daga makaranta in tarar babu Iya a gaban murhu ba. Daga ranar na ƙulla gaba da girma. In ta zo awo, sai in tsuke kafaɗu in sa wuya a ciki kamar kazar da ruwa ya doka. Na daina shan madara. Umma ta damu har ta fara maganar kai ni asibiti. Iya kuwa ta gane tun ranar farko.

"Miƙe, ɗan nema! Kana tsammani ban san dabarar maza ba? Wanda aka sa maka sunansa ma ya gwada ni ya gaji."

Sai ta ƙara mini malmalar tuwo, ta zauna a kaina sai na cinye.

Ashe ba rigar ce za ta raba mu ba. Shekarun sanyi suka taru a gwiwoyinta, ta daina iya hawa bene, ta rage magana. Takan zauna a taga tana kallon titin da ba mai wucewa a ƙafa, ba mai sallama. Ƙawayenta a Zariya suna ta rasuwa, tana jin labari a waya, ba ta zuwa gaisuwa. Ina shekarar farko a babbar sakandare ta ce wa Baba za ta je ta ga gida ta dawo. Kowa ya san rabin maganar ne gaskiya.

A daren tafiyarta ta yi mini awo na ƙarshe, wannan karon ban tsuke ba. Saura 'yan yatsu. A Dulles, kafin a tura ta a keken marasa ƙarfi, ta danƙa mini ƙunshin.

"Riƙe. In ta yi maka, ka sa ta ka zo in gani. Ƙusa na jira."

Na rungume ƙunshin, hawaye suka zubo mini. Ta dafa kaina ta ce, "Maigida ba ya kuka a tasha."

Na kai rigar wadirob, na sa ta a leda, na tura can ƙurya inda ba abin da zai taɓa ta. A raina na ƙudura ba zan ƙara sa ta ba sai ranar tafiya, don kada ta tsufa, kada wani maɓalli ya ɓace. Duk sallah in mun yi waya, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ta yi?" Ni kuma in ce, "Saura kaɗan, Iya." Na shiga ƙwallon makaranta, na gama, na shiga kwaleji, na samu aiki a ɗaya daga cikin manyan gidajen na'urorin kwamfuta na garin Sterling, na kama ɗakina. Tafiya gida kullum baɗi ce. Rigar ta bi ni daga gida zuwa gida a cikin ledarta.

Wata Asabar, a tsakiyar shekarun dubu biyu da goma, na raka wani abokin aikina cikin Washington zai sayi kaya. A lokacin ana yayin rigunan ma'aikatan da, sababbi fil amma an ɗinka su irin na dauri, har da koɗewar ƙarya. Samari masu aikin ofis ke sayensu. Ina jiransa na kai hannu kan wata mai ruwan kaki. Ga murfin aljihu, ga 'yan hujin hammata, ga ɗan harshen wuya yana reto. Na juya ta, yatsana ya shige maratayin da kansa. Nan take na ji ƙamshin kanamfari da kwal, alhali ba abin da ke tashi a kantin sai turaren Bature. Ban jira abokina ba.

Na dawo Sterling, na yage ledar, na zura hannu ɗaya. Ya shiga da ƙyar. Na biyun ya ƙi. Na ja, na ji ɗinkin kafaɗar nan mai layi-layi yana ƙara, sai na tsaya. Ko da na lallaɓa na shigar, maɓallan sun ƙi haɗuwa, tsakaninsu ya kai faɗin tafin hannu. Na tsaya gaban madubi kamar wanda aka ɗaure. Akwai wata shekara, wataƙila wasu 'yan watanni kawai, da rigar nan ta yi mini cif, kuma sun zo sun wuce tana cikin leda.

Na kira ta. 'Yar ƙanwarta, Gwaggo Hajara, wadda ke kula da ita, ta kai mata wayar.

"Iya, rigar ta yi mini kaɗan."

Ta yi dariya har da tari. "Kai! Ka fi Malam? Madarar Amurka ba ƙarya ba." Sai dariyar ta tsaya. Na ji numfashinta, na ji wani zakara yana cara a bayanta. "Ba ka taɓa sa ta ba ke nan."

"Ina adana ta ne, Iya."

"Rigar aiki ce, Maigida, ka ajiye ta kamar kayan lefe." Ba faɗa ta yi ba, da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Can ta ce, "To, ba komai. Ka zo hakanan, ka riƙo ta a hannu. Idona ma ya yi rauni, in ka tsaya kusa da ita zan haɗa ku da kaina."

A makon na nemi hutu, aka ba ni na ƙarshen shekara, na yanki tikiti. Iya ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Ganyen itatuwa na cikin zuba Baba ya kira ni ina wajen aiki, da na ji ya fara da salati na san sauran. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Baba ya je gida karɓar gaisuwa. Da ya dawo ya zo ɗakina a Sterling, ya zauna, sannan ya ciro wani ɗan ƙulli daga aljihu, an ɗaure shi da gefen tsohon ɗankwalinta. Na kwance. Ƙusa ce, doguwa, ta yi baƙi, da ɗan lanƙwasa a wuya da ragowar farar ƙasa a jikinta.

"Hajara ta ce kwana kaɗan kafin rasuwarta ta sa aka cire," in ji Baba. "Ta ce a kawo wa maigidanta. Wai rigar ta gaji da zaman baƙunta."

Ni ma gidan haya nake, kuma takardar da na sa wa hannu ta hana huda bango. Na sauka na ciro guduma daga but ɗin motar Baba. Ya riƙe mini ƙusar a bayan ƙofar ɗakin kwanana, shi da ya taɓa sayo hanga, na buga. Da na rataye rigar, kafaɗunta suka sauko suka zauna kamar mutum ya dawo daga aiki ya huta. Baba ya juya baya yana gyara hularsa, ya daɗe yana gyarawa.

Shekara da shekaru na ɗauka tatsuniyar nan gori ce Iya ke yi mana, mu da muka ci abincin Sarkin Wuta muka ƙi komawa, kuma na san da gorin a ciki. Amma tsohuwar da ta ɗinka maratayi ba ta taɓa cewa ƙusar ba ta ciruwa ba. Iya ta jira iyakar jiranta, da ta ga ba zan iso ba, sai ta tumɓuke gidan ta aiko mini da shi. Har yau ina kewarta, kewar da ba ta raguwa, kuma har yau ina jin ciwon watannin nan da ban san ranar da suka wuce ba.

Safiya ta haifi ɗa namiji, suna zaune a garin Clinton. In sun zo, yaron yakan tsaya a bayan ƙofa yana tambayata da Turanci me ya sa rigar ke da huji a hammata. Nakan ce ya tambaya da Hausa tukuna. Sai in sauke ta in zura masa, tana jan ƙasa, in bar shi ya yi ta guje-guje a ciki, ya ci abinci da ita, ya ɓata ta da miya. Uwarsa ta ce zai lalata kayan tarihi. Na ce ta bar shi, wannan karon ba za ta wuce mu a cikin leda ba.